Tsohuwar Kwamfutar Malam Sagiru

Shekara ashirin da biyu Malam Sagiru ya yi yana buga wa mutanen Rano takardu a wani ɗan shago kusa da tasha. Katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, jarrabawar 'yan Islamiyya, duk ta ƙarƙashin yatsunsa suke bi. Mutum ne mai tsafta da son a ce aikinsa ya fi na kowa.

Tsohuwar kwamfutarsa ta tebur ta tsufa tare da shi. Da farko ta riƙa nishi kafin ta buɗe, daga baya ta daina buɗewa. Ya sayi sabuwa, ya tura tsohuwar lungu. Ran nan amininsa Jabiru, mai gyaran rediyo a Kibiya, ya zo gaisuwa ya gan ta.

"Malam, wannan fa?"

"Gawa ce. Ɗauki, ka rage mini shara."

Jabiru ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi.

Bayan wata biyu labari ya fara isowa. Wai gawar ta tashi. Jabiru ya sa mata wata manhaja mai suna Linux, mara nauyi, wadda masu ita suka bar wa duniya kyauta. Malaman Zurgu da ke kawo aiki Rano suka koma Kibiya. Sagiru yana zaune gaban sabuwarsa mai sheƙi, amma zuciyarsa na can wajen wadda ya yar.

Ranar kasuwa ya je ya gani da idonsa. Ga ta nan, har da tabon shayin da ya taɓa zubar mata, tana aiki kamar yarinya, mutane sun yi layi.

"Jabiru, aro na ba ka."

Jabiru ya dube shi. Abotarsu ta girmi 'ya'yansu duka.

"Aro, Malam? To, ai kayanka ne."

Ya sallami mutane, ya kashe ta, ya zare wani ɗan filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, daga bayanta ya jefa aljihu, ya ɗaure masa ita a babur da kansa.

A Rano Sagiru ya kunna. Fanka ta juya, allon ya tsaya baƙi ƙirin. Ma'ajiyar cikinta ta daɗe da mutuwa. Duk rayuwar da ya ga tana yi a Kibiya daga filas ɗin nan take fitowa. Kwana uku yana kunnawa yana kashewa. Ya san hanyar Kibiya, ya san kalmar ban haƙurin da zai faɗa idan ya je, amma bakinsa ya ƙi ɗaukarta.

A rana ta huɗu wani direban motar haya ya miƙo masa ambulan daga Jabiru. Filas ne sabo, da 'yar takarda: "Na kwafa maka. Ka soka a baya kafin ka kunna. A gaida uwargida Hajiya Ramatu."

Ya soka. Allon ya waye a hankali kamar gari bayan ruwan sama. Sagiru ya daɗe yana kallo, abin yana ci masa rai fiye da baƙin allon. A ilimi an fi shi, yanzu ga shi a hali ma an fi shi.

Kwamfutar tana aiki har yau. Shi kuwa damina biyu ke nan bai taka Kibiya ba.