Shaidar Gindin Kwano

Ni dillaliya ce, uwata ma dillanci ta yi har ƙafa ta gaza mata. Abin da ta fara koya mini ba ciniki ba ne, kame baki ne. Takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mace ta ja ki ƙuryar ɗaki, ta zaro zanen ƙasan adaka ko ’yan kunnenta ta ce ki sayar mata, to ko mijinta ya tare ki a zaure, ke ba ki ga komai ba. Ki sa a kwalla, ki rufe da tsohon zane, ki ɗora a ka, ki gaishe shi ki wuce. Na shiga gidajen Jibiya ba adadi na fito da kaya, ba a taɓa jin asirin wata ta bakina ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ji abin da ya biyo baya ya ɗauke ni sakarya.

Tsofaffin kaya su ne suka fi yi mini riba. Ina da wani Buzu daga Maraɗi da yake zuwa ranar kasuwa, ya kwashe akushi, da tandu, da tasoshin tagulla, da kwanukan jere na zamanin kakanni, ya kai wa Turawa a Yamai. Har yau ban gane abin da zai sa mutum mai hankali ya bar sabuwar kula ya sayi langa mai tsatsa ba, amma ina ruwana, kuɗinsu ba su da tsatsa. Sai aka rufe boda. Garin nan da ko da tsakar rana ba ka jin maganar na kusa da kai don ƙarar manyan motoci, ya yi tsit kamar gidan makoki. Buzuna ya daina zuwa. Da na same shi a waya ya ce in yi haƙuri, Turawan ma sun watse.

A cikin wannan halin Inna ta aiko kirana. Ba uwata ba ce, amma duk unguwarmu haka ake ce mata. Mijinta babban ɗan kasuwar hatsi ne, ya rasu ya bar wa ɗansu motoci, su ne yanzu suke jibge a ƙofar gida tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashi. Tun ina yarinya na san abu ɗaya game da gidan: kowace rana abinci na fita. Gidan mai jego, gidan marayu, gidan wanda ciwo ya kwantar, kwanon Inna na zuwa, kuma ba ya ɓata. A nan kowace mace tana yi wa kwanukanta shaida a gindi, da fenti ko jan farce, don in an yi biki ko an kai wa wani abinci, kwano ya san hanyar gida. Wata ta ja layi, wata ta yi gicciye. Shaidar Inna ɗigo uku ce ta koren fenti, a zaune kamar duwatsun murhu. Ko yaron goye a unguwarmu ya san ta.

Na same ta bayan azahar, gida ba kowa. Ta kai ni ɗaki ta yaye labulen kabad. Jeren da mata ke zuwa kallo, fanteka bisa fanteka, samira bisa samira, ta sauke na baya duka ta tara a ƙasa, ta jawo ’yan kaɗan gaba don su rufe giɓin. Ba ta yi mini dogon bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Rumbu ya yi ƙasa, ɗanta kunya ta hana shi zaman gida, ga bakunan da suka saba jiran kwanonta. Ta riƙe hannuna ta ce:

“Ɗiyata, ki kai su nesa. Inda ba a san ni ba.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, akwai kasuwa a cikin waya yanzu, wadda ta fi Maraɗi nisa, ta fi Kano nisa. Na kwashe su kaɗan-kaɗan a kwallata, ina shiga da zannuwan talla ina fita da kwanuka.

Ashe faɗa ce da sauƙi. Ƙanin mijina mai gyaran waya a bakin tasha shi ya buɗe mini shafin farko, na Turawa. Da ya nuna mini abin da ake sayarwa a ciki, sai da na zauna a bencinsa. Langa irin wadda muke zuba wa kaji ruwa, baki duk ya ɓantare, an sa mata kuɗin rago. Na ce innalillahi, ashe Buzun nan yankan rago yake yi mini ina yi masa godiya! Na yi ta zage-zage, mutane na kallona. Amma murnata ba ta je ko’ina ba. Masu shafin suka ce in kawo fasfo, in kawo asusun dala, in rubuta lambar gida da sunan titi. Ina lambar gida a unguwarmu? Bayan masallaci ne, kusa da mai ƙosai. Muka yi ta fama, wani lokacin sai mun sa layin Nijar kafin sabis ya kama, daga ƙarshe suka rufe shafin suka ce ƙasarmu ba ta cikin waɗanda suke hulɗa da su. Kayanmu suna so, mu ne ba sa so.

Muka koma na biyu, na ’yan ƙasa, inda ake sayar da komai daga mota har katifa. Nan kuma na gamu da mahaukata. Waya ba ta hutawa, amma ba mai tambayar kwano. Wannan ya ce ina da tsohon keken ɗinki mai wani sinadari wai shi jan makuri a ciki? Wancan ya ce dutsen guga mai zakara yake nema, in kara masa maganaɗisu in gani ko yana gudu. Wani ya turo mini alat na ƙarya ya ce in sa kaya a mota yanzu-yanzu. Na ce masa ɗan nan, tun uwarka na tallan gyaɗa nake dillanci, je ka nemi sa’arka. Duk wannan lokacin kwanukan Inna na ƙarƙashin gadona, in na bi ta ƙofar gidanta sai in yi sauri, don na lura hayaƙin madafinta ya fara raguwa.

Wata abokiyar sana’ata a Katsina ce ta sa ni a na uku. Wani zaure ne a waya, na mata zalla masu saye da sayar da tsofaffin kayan ɗaki, yawancinsu matan manya a Kano da Kaduna da Abuja masu son ƙawata falo da kayan da. Nan na ga mutanen da suka san kwano. Amma suna da doka: kowane kaya a ɗauke shi hoto ta baki, ta gefe, da ta gindi, domin tambarin kamfani a gindi yake, shi ke raba na asali da na kwaikwayo. Na shimfiɗa farin zane a tsakar ɗaki, na kife su ɗaya bayan ɗaya na ɗauka. Tambarin nake kallo. Ɗigon nan uku kuwa idona ya saba da su har ba ya ganinsu, kuma ko da na gani, wa ya san shaidar Inna a Abuja?

Ban gama ajiye wayar ba saƙo ya shigo daga wata lambar Nijar. Wata mata ce, ta ce duka take so. Na faɗi kuɗi da ɗan tsauri, irin wanda ake faɗa don a taya a ce albarka a daidaita a tsakiya. Ba ta taya ba. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin Bahaushiya ta sayi ko allura babu tayi ba. Kuɗi suka shigo cif, ta ce in ɗaure kayan a kwali in ba wani mai mashin da ke bi ta daji. Na kai wa Inna haƙƙinta a ƙullin zane. Ta tambaye ni ko sun tafi nesa, na ce sun ƙetare boda ma. Ta yi ajiyar zuciya, ta shi mini albarka har na ji kunya. Aka auno hatsi, abinci ya ci gaba da fita, sai dai yanzu a robobi, ta ce wa mutane wai kwanukan sun yi wa yara nauyi.

Bayan an buɗe hanya, wata Juma’a an sauko daga masallaci, layinmu cike da mutane, na ji guɗa. Na leƙo ina cewa wa ya haihu ban sani ba. Mota ce mai lambar Nijar a ƙofar Inna, mata na fitowa daga ciki, kowace ta ɗora kwano a ka. Fantekar nan mai jan fure na fara gani. Na bi su ciki ba mayafin kirki, ina salati a zuci, unguwa duka ta biyo bayanmu.

Mai gayyar na gane ta nan take, duk da ta yi ƙiba ta sha leshi. Wata bazawara ce da ta taɓa zama a ɗakin haya bayan gidan Inna da ’ya’yanta ƙanana, shekaru suna cin tuwon Inna safe da yamma, kafin wani ɗan kasuwa ya aure ta ya kai ta Maraɗi, inda ta zama babbar mai atamfa. Ta sa aka jere kwanukan a tsakar gida, kowanne cike da shinkafa da kaji da dambu, don ba a mayar da kwano wayam. Sannan ta durƙusa gaban Inna tana kuka na gaske, ta ɗaga murya yadda na zaure ma zai ji. Ta ba da labari tiryan-tiryan, yadda tana kwance tana duba waya ta ga ɗigo uku, yadda ta kasa cin abinci ranar.

“Na ce kwanon Inna a kasuwa, ina raye? Kado ne, Inna, kyauta ce na kawo miki, ki amsa. Alheri danƙo ne.”

Ba mugunta ta yi ba, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Da maƙiyiya ce da na san abin da zan yi mata a wurin. Na dubi matan unguwa, na ga ido na tafiya daga kwanuka zuwa labulen ɗakin Inna, daga labule zuwa robobin da ke kife a madafi. Wata ta ce “ashe” a hankali, ta kama bakinta. Inna kuwa murmushi take yi. Ta ɗaga matar, ta share mata hawaye da gefen mayafi, ta sa mata albarka, ta sa aka raba abincin gida-gida. Ni da ke kusa na ga ko kwano ɗaya ba ta duba ba.

Washegari da hantsi na je, na shirya ta zage ni, na kuma shirya abin da zan ce: dokar zauren ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba. A bakin ƙofar ɗakinta na ga langa biyu a rufe, ba a taɓa su ba. Na ɗaga ɗaya na leƙa gindi, layin jan farce ne, shaidar maƙwabciyarta. An fara aiko wa Inna abinci. Na ajiye ta a hankali, hawaye suka zubo mini.

Tana zaune a tabarma, kwanukan an wanke an kife kewaye da ita, da ’yar wuƙa a hannu tana kankare gindin samira. Na fara magana ta ɗaga mini hannu. Ta ce ba ta kira ni don wannan ba, ita ce ta yi shekara da shekaru tana koya wa kwanukan nan hanyar gida, ga shi sun koya. Ta ce hatsin da aka auno ya kusa ƙarewa, in sake nemo wata kasuwar, tunda na ce suna da yawa a cikin wayar.

Idonta ya yi rauni, da lalube take aikin. Fentin ya daɗe har ya kama jiki, wuƙar ba shi kaɗai take ɗauka ba, tana ɓantaro farin kwanon ne har ƙarfe. Inda koren ɗigo uku yake, yanzu baƙaƙen tabo uku ne, a zaune daram kamar da, irin wanda ba sabulu ba wuƙa da za ta fitar. Na dubi sauran da ta gama, duk haka suke. Ta shafa wurin da babban yatsa, ta miƙo mini samirar.

“Duba mini, ɗiyata. Ta hita?”

“Ta fita, Inna.”

Na sa ta a kwalla, na rufe da tsohon zane.