Wayar da Ta Yi Shiru a Ɗakin Taro

Ko tsufa zai share mini komai daga ka, ba na jin zai iya share ranar da na ceto ofishin wutarmu daga faɗawa rami da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kofin shayi. Ku sababbin ma'aikata da kuka tarar da tsarin sanarwar nan yana aiki sumul, ku sani ni Ishaya ne na zaɓo shi. Daga Samaru har Zabi babu wanda ya kai ni sanin waya. In waya ta gan ni, da kanta take gyara zama.

To, wannan shi ne abin da nake faɗa a teburin mai shayi. Tunda yau mu kaɗai ne, bari in ba ku yadda aka yi.

A lokacin ni ne jami'in hulɗa da jama'a na ofishin shiyya. Ga wanda bai sani ba, shi ne mutumin da ake turawa gaba ya sha zagi a madadin injiniyoyi. Gidana kuma yana Sabon Gari, har jaririn goye ya san ƙofarsa. Babbar matsalarmu ita ce idan za a kashe layi don gyara, ba mu da hanyar sanar da mutane. Mu liƙa takarda a jikin falwaya, akuya ta riga kowa karantawa.

Akwai Madam Ngozi, mai sayar da kifin ƙanƙara a kasuwar Sabon Gari. A nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi, musamman wajen faɗa. Wata Asabar muka kashe layinsu wuni guda don sauya taransifoma, janaretanta kuwa yana wurin mai gyara. Ranar Lahadi na dawo daga majami'a, na tarar da katan ɗin ruɓaɓɓen kifi a ƙofar gidana, ita kuma tana tsaye a gefensa, ƙudajen Zariya kaf sun rako ta.

"Oga Ishaya, ga rabonka," in ji ta. "Da kun ce mini za ku ɗauke, da na san dabarar yi. In aka sake yi mini haka, shagon ya rufu ke nan."

Ba da wasa ta faɗa ba, na ga idonta.

Ba a daɗe ba sai babban ofis ya ce a zaɓi kamfanin da zai riƙa tura sanarwa kai tsaye zuwa wayoyin masu amfani da wuta, irin wadda take faɗowa a fuskar waya daga manhaja. Aka kafa kwamiti. Manajan shiyya Alhaji Sani ne shugaba, sai Injiniya Hauwa mai kula da layuka, sai mutanen sashen saye-saye, sai ni. An ce wai ina wakiltar jama'a. Ni dai na fi zaton kujera ce ta yi saura.

Bayan an tace takardun neman kwangila, kamfani biyu suka rage, aka kira kowanne ya nuna abin da ya iya. Na farko daga Legas ya zo, wani matashi cikin kwat, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya haska taswirar Zariya a bango, ya sa kowa ya sauke manhajarsu. Sannan ya danna maɓalli guda. Nan take ɗakin ya ɗauki ƙara kamar kwaɗi bayan ruwan sama. Wayar manaja, ta Hauwa, ta direba ma da yake leƙe ta taga.

Tawa kuwa shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

"Malam Ishaya, taka fa?" in ji manaja.

Matashin ya karɓa ya duba, ya yi murmushi irin na likitan da ya gano cuta. Ya ce data a kashe take. Gaskiya ya faɗa. Ni data sai in zan duba wani abu nake kunnawa, in na gama in rufe da sauri.

"Baba Ishaya, data famfo ce da ake buɗewa a rufe?" in ji Hauwa. Ɗaki ya fashe da dariya.

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Sai na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, ai da gangan na yi." Allah ya gafarta mini, tun da uwata ta haife ni ban taɓa shara ƙarya mai amfani irin wannan ba. Don ina cikin neman abin da zan ɗora a kai, sai na ji bakina yana faɗin gaskiya. Na ce layinmu gaba ɗaya haka muke. Ɗalibin Samaru yana tattalin data fiye da garin kwaki. 'Yan kasuwa da yawa ma ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa, wadda ba ta san wata manhaja ba. Wa za a sanar ke nan, mu da muke zaune a ofis?

Hauwa ta daina dariya. Ta bayyana wa manaja cewa irin wannan sanarwa ba ta shiga sai da data, in a kashe take sai ta jira har mutum ya kunna, ko da jibi ne. Sai manaja ya ce a fita fili a gwada kamfanonin biyu, saƙo ɗaya, mutane ɗaya.

Muka ɗauki keke mai ƙafa uku zuwa kasuwa, muka roƙi masu shaguna su ba da lambobinsu don gwaji, Madam Ngozi a kan gaba. Mai kwat ya tura. Allon na'urarsa ya yi kore shar, wai an aika wa kowa. Muka bi rumfa rumfa, ba wanda ya gani sai mai cajin waya da wasu ɗalibai da suka zo sayen tumatir.

Na biyun ƙaramin kamfani ne, wakilinsu wani shiru-shiru mai kwamfutar da aka ɗaure murfinta da salatif. Nasu tsarin yana fara tura sanarwar manhaja. In ba a buɗe ba, sai ya bi da saƙon tes. In shi ma shiru, sai ya kira mutum da murya da aka naɗa, da Hausa ko Turancin kasuwa. Muna tsaye sai wayar Madam ta ɗauki ruri a cikin lalitarta. Ta ɗaga, ta gaida muryar, ta tambayi mutanen gida, muryar tana ta zuba bayaninta.

"Wannan yarinya ba ta da tarbiyya," in ji Madam. "Amma na ji abin da ta ce."

Kada ku ɗauka shi ke nan an gama. Allon mai kwat ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma mutanen babban ofis shi suke so. Hauwa ta tsare kamfanonin biyu da nata tambayoyin: ko za a iya ware layi da layi, kada a tayar da hankalin Zabi kan gyaran Samaru, da kuma abin da za a yi in na'urarsu ta tsaya. Ni kuwa na miƙe a gaban kwamiti na yi magana har rigata ta jiƙe, na sa kifin Madam a kowace jimla. Ko hujjata ce ta ci su, ko gajiya suka yi, oho. Aka ba mai salatif.

Gyaran farko da ya biyo baya na babban layi ne, wuni guda cur. Tun kafin ranar saƙo ya shiga ko'ina. Masu walda suka matso da aikinsu, mai niƙa ya sanar da matan unguwa, Madam ta karɓo janaretanta ta cika firiza da ƙanƙara. Ko wutsiyar kifi ba ta lalace ba. Abin da na koya a nan, kuma nake so ku riƙe, mutanenmu suna iya haƙuri da duhu, abin da ba sa yafewa shi ne a shammace su. Kuma duk kayan da aka gwada a ɗakin taro kaɗai, ba a gwada shi ba.

Washegari na sa sabuwar shadda na ratsa kasuwa a hankali, don kada masu son gode mini su wahala wajen cim mini. Na tsaya a gaban shagon Madam, na yi gyaran murya.

"Madam, kin ga aikinmu ko?"

Ta ɗago daga kifin da take sara, ta dube ni sama da ƙasa.

"Na gani, Oga Ishaya, kun ci gaba. Da kuna ɗauke wuta ba sallama, yanzu kuna sallama ku ɗauke. Sai yaushe za ku zauna ku zaɓo mai kawo ta?"