Ranar da MaBiyela ta ɗauko yayanta

Duk wanda ya san MaBiyela ya san bakinta ba ya hutu. Tun muna 'yan mata muna ɗibar ruwa a rafi take haka, har yau da jikoki suka cika mata gida. Tana tuƙa tuwon masara tana magana, tana korar birai daga gona tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa da aka fara turo ɗaliban ƙasashen waje ƙauyenmu koyon yaren Zulu, aka ce a kai su gidanta. Ai kuwa an dace! Wanda ya yi wata guda a gidan nan, ko ba ya so sai yare ya kama bakinsa.

Bara aka kawo mata Femke, wata doguwar yarinya daga Holan mai zumuɗin tsiya. Ranar da ta fara ganin mugun dawa a bakin shingen gandun daji, ihun da ta yi sai da muka fito da sanduna. Gogo take ce wa MaBiyela, kamar sauran jikokin. Yaren kuwa sai an ja mata shi a hankali take ganewa, da an yi sauri sai ta hau murmushi.

To, MaBiyela tana da yaya, Mzwakhe, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran shingen gandun. A ɗakin ma'aikata ya rasu, can ɗaya gefen dajin. An binne shi a gida, amma a al'adarmu kurwarsa tana inda ya cika, sai an je an ɗauko shi. Ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ita za ta riƙe reshen magarya ta kira shi. Daga nan har a shiga gida ba ta da izinin yi wa kowa magana sai shi. In ta kuskura ta amsa wa wani, a nan za ta zubar da shi.

Na ce, "Ke, kawo ɗankwali mu ɗaure bakin tun daga gida."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "MaCele, in na yar da shi a daji fa?" Wallahi tun da nake da ita ban taɓa ganin tsoro a idonta ba sai ranar.

Femke ce ta samo aron mota, ita ce direba, murna kamar za a kai ta biki. Da hantsi muka isa ɗakin. MaBiyela ta durƙusa, ta ja reshen a ƙasa, ta ce, "Yaya, ni ce. Tashi mu tafi gida." Ta shiga gaban mota ta rungume reshen a cinya, ni ina baya.

Ashe mun manta abu ɗaya: shi an yarda ta yi masa magana. Kai, Mzwakhe ya sha labari! "Yaya, ga gada, za mu haye. Yaya, ga ɓauna can, sun yi ƙiba bayanka. Saniyarka ja ta haihu, namiji."

A ƙofar gandun mai gadi ya leƙo, tsohon abokin marigayin ne. "A'a, Mama! Yau kuma ba gaisuwa?"

Na ga MaBiyela tana shirin amsawa. Kafin in buɗe baki Femke ta zuro kai, da yarenta mai tuntuɓe, ta ce, "Baba, yi haƙuri. Kawu muke mayarwa gida." Mutumin ya dubi reshen, ya cire hula, ya ɗaga mana ƙarfen ƙofar. Saura kaɗan in yi guɗa!

Muna tsakiyar daji, Femke tana ta nuna raƙuman dawa, sai ga toron giwa ya fito daga kurmi ya tsaya a kan hanya. Ya baza kunnuwa, ya nufo mu. Ni dai ba abin da na iya sai "Wayyo! Wayyo!" Femke ta laluba giyar baya, motar ta yi gurnani, giwan ya ƙara matsowa.

"Gogo, me zan yi? Gogo!"

Na dafe kai. Na ce shi ke nan, yanzu za ta amsa. Matar da ko kaza ta yi kuka sai ta tanka mata!

MaBiyela ko kallonta ba ta yi ba. Ta sunkuya kan reshen, da sauri-sauri, irin maganar da muke yi tsakaninmu. "Yaya, abokinka ne ya zo sallama. Kada ka tsorata. Kai ne kake cewa in ya tare hanya a kashe mota, a zauna shiru, ya gama kallonsa ya wuce."

Ban sa rai yarinyar ta tsinci komai ba. Sai na ji ƙit, ta kashe motar. Ta ji! Duk ta ji! Ta juyo ta ɗora min yatsa a baki, ni da na haifi sa'arta.

Giwan ya zo har gaban gilashi, ya shinshina, ya daɗe yana kallonmu, sannan ya juya ya shige kurmi. Femke tana dariya tana hawaye, ni kuma zanina ya jiƙe da zufa.

Da muka iso, dangi sun cika tsakar gida, ba mai tari. MaBiyela ta sauka, ta ce, "Yaya, ga ƙofa. Ga shanunka." Ta shiga bukkar magabata ta soke reshen a jinka. Baƙo ba ya shiga ɗakin nan, shi ya sa Femke ta tsaya a waje tana murza makullin mota.

MaBiyela ta leƙo, murya a dushe. "Ke, cire takalmi ki shigo."

Ta kama hannunta, ta durƙusar da ita. "Yaya, wannan ce ta kawo ka. 'Yata ce, ka san da ita."

Femke ta sunkuyar da kai, ta ce, "Kawu, sannu da zuwa gida."