Shekarar Da Yaya Bai Yi Binne Ba

Tunda na yi wayo ban taɓa ganin bazarar da ba a yi binne a gidanmu ba. Ƙauyenmu yana can bayan Gwiwa, ƙasar jigawa, kuma mu haka muke noma: idan zafi ya tsananta aka fara ganin gajimare ta gabas, sai maza su ɗauki sungumi su sare gona tana busasshiya, a zuba irin gero a rufe da ƙafa, ya zauna a ƙasa yana jiran ruwan farko. Wata shekarar a dace, wata shekarar a yi ɗan yayyafi ya tsiro ya ƙone, a sake. Shi ya sa ake ware damin iri mai yawa tun daga kaka, a zaɓi manyan zangarniyoyi a ɗaure daban. Ko yunwa za ta kashe mutum, wannan damin ba a taɓa shi.

Bayan rasuwar Baba gonar ta koma hannun Yaya, babban wanmu. Ni kuwa aure da aikin koyarwa suka ajiye ni a Kazaure. Yaya mutum ne mai taurin kai da kunya, ba ya roƙo, ba ya kuka. Ni ce auta, kuma ni aka ba bakin gidan gaba ɗaya.

Wata ranar kasuwa na hau babur na je gida, na tarar an kafa wani allon ƙarfe mai fenti kore a bakin gonarsa. Na ce, “Yaya, ko makaranta ka buɗe ba mu sani ba?”

Ya yi dariya. Ya ce wasu mutane ne suka zo da farar mota tare da malamin gona. Wai ƙasashen da hayaƙin masana'antunsu ya birkita damina sun ware tallafi don manoma irinsu, za a kawo iri mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri zai kai, da takin zamani. Sharaɗi ɗaya ne: gonar da aka kafa wa allo ba za a zuba mata wani iri ba sai nasu, don masu bayarwa za su zo su ga yadda ya yi.

“To binne fa?”

“Bana ba binne, Auta. Sun ce kafin ruwan farko irin zai iso.”

Na ce masa ni dai ban taɓa ganin abin da aka ce “zai iso” ya riga hadari zuwa ba. Ya ce ai ku 'yan boko kun fi kowa rashin yarda da boko. Muka yi dariya, na sha fura na tafi.

Abin da ban sani ba, rumbun ya riga ya kai ƙasa. Damanar da ta gabata ba ta yi kyau ba. Matar Yaya ce ta faɗa mini daga baya, tana ta murza bakin zaninta. Ta ce ran da tsabar ƙarshe ta ƙare, yara suka kwana da kwaɗon tafasa, da safe Yaya ya tsaya ya daɗe yana kallon damin irin. Sai ya ce, “Sauke shi. Tunda ana kawo wani, me za mu ajiye wannan yara na kuka?” Ta ce haka ta sussuke shi. Gero ne da Baba ya gada wurin nasa uban, aka yi tuwo da kunu da shi.

Wallahi ban ga laifinsa ba. Mutanen da suka zo da mota, suka kama hannunsa, suka ɗauke shi hoto a gonarsa, don me zai zaci za su saɓa?

Sai ga ruwa. Kuma irin ruwan da aka daɗe ba a gani ba, ya sauka da wuri ya jiƙa ƙasa sosai, ya sake biyo baya kafin ta bushe. Duk wanda ya yi binne, cikin 'yan kwanaki gonarsa ta yi kore shar. Gonar Yaya kuwa ciyawa ce ta tsiro a ƙarƙashin allon. Yana iya neman ɗan iri wurin maƙwabta, amma ya ce ya yi alkawari ba zai zuba komai ba. Kullum ya share gonar, kullum ya fita bakin hanya ya duba.

Ni na kasa zama. Na je ofishin masu tallafin a nan Kazaure, wani ɗaki mai fanka da hotunan manoma suna murmushi a bango. Wani matashi mai ladabi ya ba ni kujera. Ya ce, “Hajiya, kuɗin ne ba a sako daga sama ba, ana jiran sa hannu.”

Na ce, “Ɗan nan, hadari ma sa hannun yake jira? Mutane sun gama noman firi, wana yana zaune yana gadin ƙarfe!”

Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ba a biya shi ba. Haushin ya rasa inda zai sauka, na fito ina huci, har mai adaidaita ya tambaye ni ko lafiya.

Irin ya iso ana cikin marka, geron mutane ya kai ƙugu. A 'yar jaka mai kyau, an rina ƙwayar da jan magani. Takin kuwa har yau. Yaya ya shuka duk da haka. Kuma in faɗi gaskiya, irin ba shi da laifi, ya tashi da sauri kamar ana jan sa. Ya fitar da kai, ya fara bununi, sai ruwa ya ɗauke. Da za a ƙara masa ko ruwa biyu da ya kai. Na je na murza zangarniya a tafin hannuna, ƙaiƙayi kawai ya zubo.

Na aika da abin da na iya, masara da ɗan wake. Ya karɓi na farko, na biyu ya mayar da ɗan aiken da shi, wai in ci da 'ya'yana, su Alhamdulillahi. Na yi ta faɗa ni kaɗai a tsakar gida har maigidana ya ce in sassauta maƙwabta na ji.

Ana gama kaka, ran wata Juma'a da hantsi, na ji sallamarsa a ƙofar gida. Ya zo da ƙananan 'ya'yansa mata biyu a kan aron babur, kowacce da ƙullin kayanta a leda, an yi musu sabon kitso. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

Ya ce, “Auta, na ga karatun ƙauye ba ya tafiya. Na ce bari su zauna wurinki su yi na birni.”

Ni na san ba karatu ba ne, yunwa ce, shi ma ya san na sani. Duk bakin nan nawa ya mutu. Na ce, “To, Yaya, Allah ya sa albarka.”

Na zubo shinkafa da wake na ajiye musu. Yaran suka sa hannu ba su ko jira mai da yaji ba. Na tura masa nasa kwanon, ya ture a hankali zuwa gabansu, ya ce shi a ƙoshe yake, sai da ya ci kafin ya fito.