Layinmu Mai Kaurin Tsinken Ashana

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun da na yi ina karatu a Khartum, wasu yanzu sai an tuna mini. Amma maganar allon da na sa aka rubuta mini a Umdurman, ita kam ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin za ta fita daga raina, domin saura kaɗan bakina ya raba wani bawan Allah da karatunsa.

A lokacin ina karanta shari'a, ɗakinmu ɗaya da wani mutumin Damagaram mai karanta kimiyyar haɗa sinadarai. Ni Bakano ne, don haka tun ranar farko muka ɗora wasan da muka gada. Shi ya ce mu Kanawa ko gaisuwa sai mun yi ciniki, ni in ce su Damagarawa da sun ga fitilar titi sai su tsaya su ɗauki hoto. Mutum ne mai sanyin hali, shi ya zaunar da ni ya gyara mini Larabcina lokacin da ko farashin ful, dafaffen waken da suke ci, ba na iya tambaya. Ni kuwa Allah ya yi ni da son gardama, kuma ba na barin ta sai na ga abokin magana ya yi shiru.

A shekararsa ta ƙarshe abubuwa suka cakuɗe masa. Binciken da yake yi yana bukatar a ajiye wasu 'yan kwalabe cikin sanyi na tsawon makonni, sai a ɗauke wuta da rana tsaka, firij ya huce, aikin ya lalace. Sau biyu haka ta faru. Malamin da ke duba aikinsa ya ce babu yadda za a yi sai ya maimaita shekarar, aka ba shi takardar sabunta rajista, aka ce ranar Alhamis ta makon al'adu ce za a rufe karɓa. A gida kuma yayansa yana ta kira ya dawo su riƙe shago tare, wai haɗa ruwan kwalba ba zai ciyar da kowa ba. Takardar nan ta yi kwanaki a cikin littafinsa bai sa mata hannu ba.

Ana cikin haka ne aka sanar da waɗanda suka ci babbar kyautar nan ta duniya da ake bayarwa duk shekara a Turai, ga gwanayen kimiyya da adabi da masu sasanta jama'a. Muna zaune gindin dalbejiya wurin wata mai shayi, wani ya buɗe waya ya nuna mana jerin ƙasashe da yawan mutanen da kowacce ta samu. Na duba na ga Najeriya tana da mutum ɗaya, marubuci, Nijar babu, Sudan ma babu. In faɗi gaskiya, ko shafi ɗaya na littafin mutumin nan namu ban taɓa karantawa ba, amma ranar sai ka ce ƙanen babana ne. Na juya na dubi abokina a gaban mutane na ce masa ko shekara ɗari zai yi yana girgiza kwalba, sifirin ƙasarsu ba zai motsa ba.

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ajiye kofin shayinsa da saura a ciki ya tashi. Da na koma ɗaki na tarar ya sauko da akwatinsa daga kan kabad ya fara jera littattafai. Na gane abin da na yi sarai, amma girman kai ya hana ni buɗe baki, har ma na riƙa gaya wa kaina ai wasa ne, shi ya cika ɗaukar abu da zafi.

Maimakon in gyara, sai na ƙara. A makon al'adu ɗaliban kowace ƙasa suna kafa rumfa su baje kayan gargajiyarsu, kuma a wannan shekarar rumfarmu tana kallon ta 'yan Nijar. Na kawo shawarar mu yi babban allo mu jera ƙasashe, kowacce da dogon layi gwargwadon yawan kyautarta, da lambarta a gefe, mu kafa shi a bakin rumfa. Aka ce tunda ni na kawo, ni zan yi. Wani ya kwatanta mini shagon wani dattijo mai rubuta allunan shaguna a bayan Kasuwar Libiya, ya ce Bahaushe ne, za mu fahimci juna.

Na hau hafla, ƙaramar motar hayarsu, muka haye gada zuwa Umdurman. Na same shi a wani ɗan shago mai warin fenti, jallabiyarsa duk ɗige-ɗigen launi, fensir a bayan kunne. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa zai tafi aikin hajji, ya yada zango a nan, zangon ya zama gida. Hausarsa tana da daɗi, rabi tamu ta da, rabi Larabci. Sai da ya sa aka kawo mini ruwan sanyi ya tambayi mutanen Kano kamar jiya ya baro su, sannan ya karɓi takardata.

Ya daɗe yana dubawa. Ya jawo allon katako da ya kai mini ƙirji, ya ɗauko rula ya auna tsawonsa, ya yi 'yan lissafe-lissafe a gefen takardar. Ƙasar da ke kan gaba tana da ɗaruruwa, don haka ya ja layinta tun daga ƙasa har bakin allon na sama. Ya ja na masu bi mata, kowanne daidai rabonsa. Da ya iso kan Najeriya sai ya laluba aljihu ya fito da tsinken ashana, ya kwantar da shi a gindin allon, ya zagaye shi da fensir.

"To ya waladi, ɗana, ga naku," in ji shi. "Kaurinsa ke nan, ban rage maka komai ba."

Na ce haba Baba, ai wannan ba wanda zai gani, ya ɗan ɗaga shi ko da taƙi ɗaya ne. Ya ce babu laifi, amma in ya ba mu taƙi ɗaya, to na saman can sai na nemo masa allon da ya fi hasumiyar masallaci tsawo, in ba haka ba ya zama ya rubuta ƙarya, shi kuma da sunansa a ƙasan kowane allo da ya fita daga shagon nan. Raina ya ɓaci, na ce to ya bar layin yadda yake, amma lambobin ya rubuta su manya da jan fenti, musamman sifirin Nijar da na Sudan, yadda za a hango su daga nesa.

Nan ma ya girgiza kai. Ya nuna mini wasu alluna da ke jingine a bango, na masu sayar da sukari da mai da garin alkama. Sunan kaya an rubuta shi da fentin mai, amma gaban kowanne ɗan fili ne baƙi da aka bari don alli. Ya ce haka yake yi tun yana saurayi, domin sunan sukari ba ya canzawa, farashinsa kuwa kafin la'asar ya canza.

"Sunan ƙasa zan sa masa fenti, kwayyis, babu laifi," ya ce. "Amma lamba ta alli ce. Jikata tana sakandare, kullum kanta a cikin littafin hisabi. In rubuta mata sifiri da abin da ba ya gogewa? La, wallahi ba da hannuna ba."

Na so in kwashe takardata in tafi wani wuri, sai dai lokaci ya ƙure. Bayan kwana biyu na dawo na ɗauki allon, ya haɗa mini da guntun alli a leda. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, amma duk hanya ina riƙe da shi a cikin raksha, babur ɗinsu mai ƙafa uku, ina ƙunƙuni.

Ranar Alhamis da hantsi na kafa shi a bakin rumfa. Na ɗauki alli na cike lambobin manyan ƙasashe, na rubuta ɗayanmu. Da na zo kan filin Nijar sai hannuna ya tsaya. Na ɗaga kai na hango abokina a rumfarsu yana jera tabarmi, ya rame, ko kallon inda nake ba ya yi. Maganar dattijon nan ta dawo mini, na kasa zagaya sifirin. Na bar filin yadda yake, na bar na Sudan, na jefa allin a aljihu.

Mutane suka fara taruwa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne, ba wanda ya kula da filayen da ba a cike ba, kowa layinmu yake nema. Wani ɗan Masar ya durƙusa yana ƙanƙance ido, ya tambaya ko fentin ne ya ƙare mana. 'Yan rumfarmu suka fara harara ta, ɗaya ya ce in ɗauke abin nan kafin in gama kunyata mu. Ni da na shirya ranar don in yi dariya, sai ga shi ina neman inda zan sa fuskata.

Hayaniyar ce ta jawo abokina. Ya tsallako ya tsaya gaban allon, ya bi dogon layin da ido har sama, ya sauko a hankali har gindi. Ya sunkuya ya sa farce ya auna namu. Sai kawai ya fashe da dariya, irin wadda na yi makonni ban ji daga bakinsa ba, har da riƙe ciki.

"Bakano," ya ce, "ashe a kan wannan ɗan tsinken kake tsaye kana leƙo mu?"

Kunya ta rufe ni, amma wani sanyi ya sauka a zuciyata. Na kama hannunsa na ja shi bayan rumfa, na ce masa na yi kuskure, maganar da na faɗa a wurin mai shayi ba wasa ba ce, wulaƙanci ne, ya yafe mini. Ya tambayi abin da ya hana ni cike filinsu, na kwashe yadda muka yi da dattijon na gaya masa. Sannan ya ce shi ba kyautar Turai ce ta dame shi ba, bai taɓa mafarkinta ba. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne ya sake shekara guda wuta ta sake cinye masa aiki, ga kuma wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi yana gaya wa duniya aikin banza yake yi.

Ban san lokacin da na ce masa in dai sanyi ne matsalar, ya bar mini ba. Akwai masu sayar da ƙanƙara a bakin titi, na ce duk ranar da aka ɗauke wuta, ko ina tsakiyar darasi ne, ya kira ni. Ya dube ni yana son ya gane ko wani sabon wasan ne. Da ya ga ba dariya a fuskata, ya koma ɗaki ya ɗauko takardar, ya ɗora ta a bayan allon ya sa hannu. Muka ruga ofishin rajista tare, muka samu ma'aikacin har ya fara rufe taga, amma ya karɓa.

Na cika alkawari, kodayake na sha wuya. Watanni na yi ina saɓa ƙanƙara a kafaɗa cikin zafin Khartum, ruwa yana bin rigata, ina hawa bene da ita zuwa ɗakin gwaje-gwaje mu zuba a kula mu jera kwalabensa. Ɗalibai suka sa mini suna lauyan ƙanƙara. A karo na uku aikin bai lalace ba, ya kammala da sakamako mai kyau, ranar da aka kafe sunayensu ni na fi shi tsalle.

Yau yana koyar da kimiyya a ƙasarsu, ɗalibansa har da 'yan mata, yakan turo mini hotonsu sanye da fararen riguna. Bai ci wata kyautar duniya ba, wataƙila ba zai taɓa ci ba, amma ban isa in rantse a kan yaran da ke gabansa ba. Dattijon kuwa tun da yaƙi ya watsa mutanen Umdurman ban sami labarinsa ba, ina roƙon Allah ya sa yana cikin aminci shi da jikarsa.

Har yanzu duk shekara idan aka fitar da jerin nan nakan duba, kuma ba na jin haushin waɗanda ke sama, sun yi aiki ne aka ba su. Abin da na koya shi ne, ƙirga kyautar wasu ba ya ƙara wa ƙasarka ko mutum ɗaya, gori kuma yana iya rage mata wanda take da shi. In kana son lambar ta canza, dubi wanda ke kusa da kai yana fama da aikinsa, ka tambaye shi abin da zai hana aikin lalacewa, ka je ka ɗauko masa.