Tsinken Kawu a Bangon Hasumiya

Shekara talatin da ɗaya Kawuna ya yi yana riƙe da makullin hasumiyar tsohon birni. Ni direba ne, aikina in kwaso masu zuwa kallon kayan tarihi in sauke su a ƙofarsa. Mutum ne mai surutu kamar rediyo, kowane dutse yana da labarinsa a bakinsa, rabi ma ƙari ne. Amma bango kam ba ya wasa da shi.

Akwai wata tsaga da ta taso daga gindin hasumiyar har tagar farko. Kawu bai yi boko ba, sai dai yana da dabararsa. Yakan karya tsinken tsintsiya daidai faɗin tsagar, ya tokare shi a ciki. In tsinke ya kwana a wurinsa, bango bai motsa ba. In ya faɗo, tsaga ta ƙara buɗewa. Kullum sai ya duba kafin ya bar kowa ya hau. Sau ɗaya tsinken ya taɓa faɗowa, kwana uku Kawu bai ci abinci ba, jininsa ya hau har aka kwantar da shi. Inna, matarsa, ita ta yi jinya, ita ce kuma ke share wurin kowace safiya kafin ya iso.

Ranar da nake ba ku labari, mutum goma sha takwas na kawo. Kawu ya ga tsinke na wurinsa, ya bar su suka hau sama, muna jin dariyarsu. Sai ya koma ya tsaya yana kallon tsinken, ya daɗe. Can ya ɗora yatsa a kai.

"Ɗan nan, zo. Tsinkena tsawon gaɓar yatsa ɗaya ne. Wannan gaɓa biyu."

Na ce, "Kawu, ko yatsan ne ya tsufa?"

Bai yi dariya ba. Ya juya wajen Inna da ke zaune a inuwa, tsintsiya a gefenta. Tun kafin ya tambaya ta fara kuka.

"Malam, tsoro na ji kar ka sake kwanciya. In na tarar ya faɗo sai in mayar. Da ya daina tsayawa, sai na riƙa karyo mai tsawo."

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

A lokacin ne na lura da ƙasar da ke zubowa daga tsagar, siririya, ba ƙara. Na buɗe baki zan yi ihu, Kawu ya damƙe hannuna.

"In suka rugo tare, shi ke nan."

Ya tuɓe takalmansa ya hau a hankali. Ina jiyo muryarsa yana zolayarsu, wai akwai rijiyar sarauniya a baya, amma bibbiyu ake zuwa ganinta. Haka suka riƙa saukowa, ina ƙirga su. Shi ne na ƙarshe. Ya kulle ƙofa.

Bayan kwana tara hasumiyar ta zube, ba kowa a ciki. Kawu bai taɓa yi wa Inna gori ba, ko sau ɗaya. Yanzu yana gida, surutun ya ragu. Ranar da na je gaishe su na ga tsinke a tsagar bangon ɗakinsu. Ko'ina Inna ta share tas, ban da ƙarƙashin tsinken.