Inda Ruwan Wanki Yake Tafiya

A shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke ina aji uku a wata firamare da ke Mokola, a Ibadan. Da safe in tafi boko, da la'asar in ɗauki allona. Mu 'yan Sabo, unguwar Hausawa, ba mu da yawa a ajin, mata kuwa sai an duba. Mahaifina fataucin goro yake yi, shi ne ya dage sai na yi karatun. Yaƙin bai iso Ibadan ba. Abin da muka sani game da shi kawai motocin soja masu wucewa ta shataletale, da bencin da ya zama wayam bayan 'yan ajinmu Ibo sun koma gida da iyayensu. Littattafai ma suka yi wuyar samu.

Malamarmu Bayarabiya ce, gajeriya, mai yawan dariya. Tana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba mu haushi da farko: in ka tambaye ta abu, ba ta ba ka amsa. Sai ta karkata kai ta ce da Yarabanci, "Ki l'o ro?" wato kai me kake gani?

Wata rana ta shigo da ɗankwali jiƙaƙƙe, ta shanya a taga, ta ci gaba da koya mana lissafi. Bayan mun dawo daga tara ta ɗauko shi ta ɗaga. Ya bushe ƙayau.

"Ina ruwan ya tafi?" in ji ta.

Aji ya kaure. Wani ya ce rana ce ta shanye. Wata ta ce iska ta kwashe. Wani yaro mai tsoro ya ce aljanu ne, aka yi ta dariya, amma Malama ba ta yi ba, ta rubuta amsarsa a allo tare da sauran. Ni kuwa na miƙe da ƙarfin gwiwa, don ni ce mai shanya a gidanmu.

"Ƙasa ce take sha, Malama. Ɗiga yake yi. Kullum ƙarƙashin igiyarmu a jiƙe yake."

"To madalla," in ji ta. "Ki gwada mana."

Washegari ta ba ni faranti na sa a ƙarƙashin ɗankwalin, bayan na jiƙa shi na matse shi sosai. Na zauna ina gadinsa kamar kaza a kan ƙwai. Ɗigo kaɗan ne suka sauka, daga nan shiru. Ɗankwali ya bushe, kuma abin da ya fi ɗaure min kai, ɗigon da ke cikin farantin ma suka ɓace. Faranti dai ba shi da huda.

Na dube ta ina jira ta ce na faɗi. Sai ta ce, "Ba ki yi ƙarya ba, wani ya ɗiga. Sauran fa?"

"Ki faɗa mana mana, Malama."

"In na faɗa miki yau, jibi kin manta. Je ki da shi gida."

Haka na tafi da tambayar tana cina. Na bi ta layin 'yan goro, na ga ana yayyafa wa huhu ruwa, na tsaya ina tunanin me ya sa kullum sai an sake yayyafawa. Na duba kwatar ƙofar gidanmu wadda take cika da safe ta ƙafe da azahar. Duk abubuwan da na saba gani ne, amma kamar ranar na fara ganinsu.

Amsar ta same ni ranar Asabar a madafa. Inna ta ɗora ruwan tuwo, ta ce in duba ko ya tafasa. Na sa tsumma na ɗaga murfi, tururi ya bugi fuskata, ruwa ya zubo daga cikin murfin ya sauka a ƙafata. Na yi tsalle don zafi, sai kuma na tsaya cak. Murfin nan a bushe na rufa shi da hannuna. Ruwan tukunya kuma bai kai rabi ba, balle ya taɓa shi.

"Inna! Sama yake tafiya!"

"Wa?"

"Ruwan! Ba ƙasa ba, sama!"

"Ke, rufe min tukunya kada wuta ta tafi a banza."

Na rufe, amma na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na ruga ɗakin kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya kamar yadda maƙwabtanmu Yarabawa suke kiranta. Tana zaune tana jan carbi. Na zayyana mata komai ba ko numfashi: zafi yana ɗaga ruwa daga kogi da teku, sanyi yana mayar da shi, gajimare kuma murfin duniya ne.

Ta saurare ni har na gama. "Ruwan sama dai na Allah ne," in ji ta.

"Na'am, Iya. Hanyar da yake bi na gano."

Ta yi murmushi. Ita ta taɓa zuwa Ikko, ta ga teku da idonta, har ta ɗanɗana. "To 'yar boko, in daga teku yake tashi, me ya hana ruwan sama gishiri?"

Na ce mata zan kai wa Malama tambayar.

Ranar Litinin tun kafin a buga ƙararrawa na tare Malama a bakin ƙofa. Na ba ta labarin murfi, ina haɗa Hausa da Yarabanci da Turanci don sauri. Ta kama hannuwana biyu ta juya ni sau ɗaya a tsakar makaranta, yara suna kallo. Da na faɗa mata tambayar Iya kuwa, sai ta tafa hannu.

"Kakarki ta ba mu darasin gobe."

Washegari aka haɗa murhu a bayan aji. Wani ya kawo itace, wata ta kawo tsohuwar tukunya, ni na kawo gishiri a ƙullin ganye. Aka zuba ruwa da gishirin a tukunyar, aka rufe. Kafin a hura wuta Malama ta sa kowa ya faɗi abin da yake zato. Yawancinmu, har da ni, muka ce ruwan murfin zai yi gishiri. Da ya tafasa ta ɗaga murfin, ta bari ya huce, muka yi layi kowa yana dangwala yatsa yana lasa. Salam yake, ko alama babu. Yaron nan mai maganar aljanu ya lasa har sau biyu, ya ce a bar wutar mu ga ƙarshe. Aka bar ta har ruwan ya ƙone ƙurmus, sai ga gishirinmu fari fat a gindin tukunya. Ihun da muka yi sai da hedimasta ya leƙo.

Na kankare gishirin na ƙulle a bakin ɗankwalina, na kai wa Iya. Ta shafa a yatsa, ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai.

"Ashe shi nauyin jiki gare shi, ba ya iya tashi," in ji ta. Ta miƙa min. "Kai wa uwarki ta zuba a miya."

Da shi aka yi miyar kukar ranar, na kuwa ci har da ƙari.